Jinin wa ke cikin kwalbar nan? Kundin aikin gyara ɗibar jini a asibitinmu

8 ga Janairu

Hukumar asibiti ta ba mu izinin fara aikin da muka daɗe muna roƙo, wato gyara yadda ake ɗibar jini daga jijiya, da yadda ake tabbatar da mai jinin tun kwalba ba ta bar gefensa ba. Kwamitin ƙarami ne: ni daga ɗakin gwaji, ma'aikatan jinya daga ɗakunan kwanciya, likita daga sashen gaggawa, da jami'in ma'ajiyar jini. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana a nan, mai daɗi da marar daɗi, ko wani mai irin aikinmu zai ƙaru.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A birnin Padua na Italiya, Mario Plebani da Paolo Carraro sun bi diddigin kurakuran gwajin gaggawa a 1997, suka maimaita a 2007, kuma a duka biyun sama da kashi 60 cikin 100 na kurakuran sun auku ne tun jini bai shiga inji ba. Injinanmu kullum da safe sai an gwada su, an rubuta, an sa hannu. Hannun da ya riƙe allura da biron da ya rubuta suna kuwa babu mai duba su.

A cikin kurakuran nan akwai wanda ya fi tayar min da hankali. Jinin da ya daskare ko ya yi kaɗan, da ido muke gani mu mayar. Jinin wani a kwalba mai sunan wani kuwa, inji zai auna shi tsaf, sakamako ya fito tas, mu buga hatimi, likita ya karanta ya rubuta magani. Mutum biyu ke cutuwa lokaci guda: wanda aka yi wa maganin cutar da ba tasa ba, da wanda cutarsa ta shige fayil ɗin wani aka bar shi da ita.

Takardun da za mu dogara da su uku ne: jagoran ɗibar jini da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ƙa'idar GP41 ta CLSI, cibiyar tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji da ke Amurka, da ISO 15189, ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwajin asibiti. Amma mun yi shawara ba za mu kafa doka ko ɗaya ba sai mun tsaya mun kalli yadda ake aikin a yanzu.

22 ga Janairu

Mun gama zagayen kallo, safe da yamma da dare. Mun gaya wa kowa cewa ba laifi muka zo kamawa ba, kuma ba mu rubuta sunan ma'aikaci ko ɗaya ba.

Hannuwan mutanenmu sun iya aiki. Na ga nas ta samo jijiya a hannun tsohuwar da zazzaɓi ya busar da jikinta, suka ɗaya, ba ta ko sa ta yamutsa fuska ba. Inda ake faɗuwa shi ne a baki da biro. Tambayar da muka fi ji ita ce, "Baba, kai ne wane?" sai ya gyaɗa kai, a ɗaure hannu. Wannan ba tantancewa ba ce. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi zai amsa don kada ya ba da wahala. Wanda zazzaɓi ya gigita zai amsa kowane suna. Wanda ya wuni a layi ya ji an kira suna mai kama da nasa, zai miƙe ya shigo, ba da mugun nufi ba, gajiya ce kawai.

Abu na biyu ya fi wannan muni. A ɗakin maza ana bi gado gado a ɗebi jini, a jera kwalaben a tire babu suna, a dawo tebur a zauna a rubuta daga ƙwaƙwalwa, da cewa ta farko ta gado na ɗaya ce, ta biyu ta gado na biyu. A ɗakin mata kuma akasin haka ake yi: a rubuta sunaye duka tun a tebur, a zuba a tire ɗaya, a je bakin gado a miƙa hannu a ɗauko. Kowanne ɓangare yana ganin hanyarsa ta fi sauri, kuma gaskiya ne tana da sauri. Wasu fom ɗin ma babu komai a kansu sai lambar gado, alhali da daddare ana sauya wa majinyata gado ba tare da an sanar da ɗakin gwaji ba.

5 ga Fabrairu

Zaman yau ya yi tsawo, amma mun fito da ƙa'ida rubutacciya. Tushenta shaida biyu ne ga kowane majinyaci, abin da hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci a Amurka ta sa a cikin manufofinta na kare majinyata tun 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta jaddada a 2007. Lambar gado da lambar ɗaki ba sa cikin shaida.

Mun tsara har kalmomin da za a faɗa. Bayan gaisuwa da gabatar da kai, a ce, "Mama, don Allah faɗa min cikakken sunanki," a yi shiru ta faɗa da bakinta, ido yana kan fom. Sannan ranar haihuwa. A nan gardama ta tashi, don akwai majinyata da yawa da ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, wasu kuma abin da ke fayil ƙiyasi ne da magatakarda ya rubuta ranar buɗe kati. Idan aka nace a kan tambayar da mutum ba shi da amsarta, ma'aikaci zai gaji ya daina yi, daga nan ya daina ta sunan ma. Saboda haka muka ce lambar asibiti ita ce shaida ta biyu da ba a tsallakewa: a karanta ta a katin majinyaci ko a munduwar shaida da ke wuyan hannunsa, a gwada da ta fom, lamba bayan lamba. Ranar haihuwa ƙari ce ga wanda ya sani. Munduwar da ke ɗaure a ƙarfen gado ko ajiye a kan durowa ba ta shaidar kowa, sai wadda ke jikin mutum.

Gardama ta biyu a kan lokacin rubuta suna ne. Likitan gaggawa ya kawo shawarar ƙungiyar masana gwaji ta Turai ta 2018, wadda ta bar wa kowane asibiti ya zaɓa, kafin ɗiba ko bayanta, muddin a gaban majinyaci aka yi. CLSI kuwa bayan ɗiba ta ce. Na goyi bayan ta biyun, don kwalba mai suna wadda babu jini a ciki tana iya komawa tire idan jijiya ta ƙi samuwa, wani ya ɗauke ta ya cika da jinin wani. Mun tsaya a kan haka: a ɗiba, a rubuta suna da lamba da rana da lokaci da sa hannun mai ɗiba, a nuna wa majinyaci idan yana iya karatu, sannan a ɗaga ƙafa.

12 ga Fabrairu

Ƙa'ida ta ci karo da ƙananan abubuwa. Mutum ba zai rubuta a bakin gado ba idan biro yana tebur, kuma babu inda zai ɗora kwalba. Mun sa an ɗaura biro mai tawadar da ba ta gogewa a jikin kowane tire, an kuma raba ƙananan tire, na mutum ɗaya ɗaya. Sitikar da ake amfani da ita tana ɓallewa idan kwalba ta yi raɓa a firij, mun mayar da ita sito mun nemi wata.

26 ga Fabrairu

Masu aikin dare sun ƙi, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Babbar nas ta ɗakin maza, wadda ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ta ce min, "Ɗana, mutanen nan ni nake juya su, ni nake ba su magani. Yanzu sai in tsaya ina tambayar sunan wanda na kwana a kansa mako guda?" Na ce, "Sista, ba sanin majinyaci nake shakka ba. Fom ɗin da ke hannunki ne ban yarda da shi ba." Domin sau da yawa mutumin daidai ne, nas ma ta san shi, takardar ce ta wani. Tambayar ita ce ke haɗa fuska da takarda.

Sai ta faɗi abin da ya fi duk abin da kwamiti ya tattauna amfani. Ta ce ba rashin sani ke sa kuskure da dare ba, katsewa ce. Tana riƙe da kwalba za ta rubuta, a kira ta ƙarin ruwan wani ya ƙare, ko mai jinya ya ja hannunta majinyacinsa yana amai. Ta jefa kwalbar a aljihu ta tafi. Idan ta dawo, aljihun yana da kwalba biyu. Na koma na duba abin da muka rubuta a zagayen kallo, kusan duk inda aka bar kwalba babu suna akwai kira a tsakani.

Mun ƙara layi ɗaya a ƙa'ida bisa shawararta: daga ɗaure hannu zuwa sa hannu a kwalba, ba a yi wa mai ɗiba magana sai idan rai ne a kan gaɓa. Idan kuma dole ta sa ya tashi ya bar kwalba babu suna, kwalbar ta tafi kwandon shara na asibiti, a sake ɗiba. Sukan allura na biyu yana da zafi, na sani, ba na kuma raina shi. Ita ce ta ɗauki nauyin sanar da sauran masu aikin dare, kuma daga bakinta maganar ta fi shiga.

11 ga Maris

An kama ɗaya. Kwalba ta iso ma'ajiyar jini da sunan wata mata da za a yi wa tiyata, rubutu ya cika, suna da lamba duk sun dace da fom. Gwaji ya nuna rukunin A. Jami'in ya buɗe tsohon rajista, ya ga an taɓa gwada ta a wata kwanciya, rukuninta O. Rukunin jinin mutum ba ya sauyawa haka kawai. Ya tsayar da komai ya kira ni.

Tun 1901 da Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini aka san abin da zai faru da an ɗaura mata jakar A. Mai rukunin O yana da garkuwar da ke kai wa jajayen ƙwayoyin A da B hari, za su farfashe a cikin jijiyoyinta, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, kuma ba sai jakar ta ƙare ba, kaɗan ya isa. Gwajin dacewa da ake yi kafin a ba da jini ba zai cece ta ba, don da jinin da ke cikin kwalbar ake yin sa, kuma jakar za ta dace da mai kwalbar ta gaskiya.

Mun sake ɗibar jinin matar, muka kuma nemo maƙwabciyarta a ɗaki wadda ita ce mai jinin, aka janye duk sakamakon da aka fitar wa su biyun a ranar. Wadda ta ɗebi jinin ta zo tana rawar jiki. Shugaban sashe ya so a rubuta mata takardar gargaɗi, kwamiti ya roƙe shi ya bari, ya kuma bari. Dalilinmu shi ne idan aka hukunta ta yau, gobe wanda ya yi shakkar kwalbarsa zai yi shiru ya yi fatan alheri. Mun zauna da ita ta nuna mana yadda abin ya faru: fom biyu ne a tire ɗaya, sitikar ɗayan ta manne a bayan ɗayan.

Abin da ya hana ni barci shi ne, da matar nan sabuwa ce a wurinmu, babu tsohon rajistar da zai tona. A Birtaniya, inda shirin SHOT ke tattara rahoton haɗurran ƙarin jini tun 1996, ƙa'idar 2012 ta nemi a gwada kwalba biyu da aka ɗiba daban daban kafin a ba sabon majinyaci jini. Mun ɗauki wannan daga yau, sai a halin gaggawa, inda za a ba da rukunin O har a tabbatar. Jami'in ma'ajiya ya hango dabarar da za a yi: a ɗebi kwalba biyu a suka ɗaya, a ɓoye guda a aiko ta daga baya. Hakan ya rusa amfanin dokar, don idan an kuskure mutum, an kuskure shi a duka biyun. Don haka kwalba ta biyu daga hannunsa za ta fito, mai alama ta daban, kuma sai ta farko ta iso zai bayar.

25 ga Maris

Wannan makon mun koma kan ɗibar kanta, saboda fotashiyam, sinadarin da yawansa a jini ke da haɗari ga zuciya. Sau da yawa muna kiran ɗaki da sakamako mai ban tsoro, a ruga a duba zuciyar majinyaci a same ta lafiya, a sake ɗiba ya fito daidai. Haɗarin ba ɓata lokaci ba ne kaɗai. Likitan da aka tayar wa hankali a banza sau da yawa, wata rana zai ƙi gaskata na gaske.

Mafi yawan fotashiyam na jiki a cikin ƙwayoyi yake zaune, don haka duk abin da ya fasa jajayen ƙwayoyi zai zubo da shi cikin ruwan jini. Mun lissafa wa ma'aikata abin da muka gani da idonmu. Ana jan sirinji da ƙarfi idan jini yana tafiya a hankali. Ana tura jini cikin kwalba ta bakin allura da matsi, maimakon a bar kwalbar ta zuƙa da kanta. Ana girgiza kwalba da sauri, alhali juyawa ake yi sama da ƙasa a hankali, mai murfin shanshanbale sau 8 zuwa 10, mai murfi shuɗi sau 3 ko 4. Ana soka allura sifirit bai bushe ba. Ana kuma cewa majinyaci ya yi ta dunƙule hannu yana saki, wanda shi kaɗai yana ɗaga fotashiyam daga tsokar hannu ko da ƙwaya ɗaya ba ta fashe ba. Dunƙulewa sau ɗaya ta wadatar.

Robar ɗaure hannu ma ana daɗewa da ita. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kada ta kai minti 2, CLSI ta ce minti 1, muka ɗauki minti 1. Idan neman jijiya ya ɗauki lokaci, a kwance, a bari hannu ya huta, a sake ɗaurawa.

Sai jerin kwalabe, wanda wasu ke ɗauka tsirfar ɗakin gwaji ce. Ba tsirfa ba ce. Kowace kwalba da sinadarinta, kuma bakin allura yana iya kwaso na wata ya kai wata. Farko kwalaben neman ƙwayar cuta a jini, sai shuɗiya mai sitiret ta gwajin daskarewa, sai ja ko rawaya, sai koriya mai hefarin, sai mai murfin shanshanbale ta ƙirgar ƙwayoyi, wadda ke da sinadarin hana daskarewa EDTA, ta ƙarshe mai ruwan toka ta sukari. EDTA ɗin da ke kwalabenmu haɗe yake da fotashiyam, kuma aikinsa kama kalsiyam ne. Saboda haka idan muka ga fotashiyam ya yi tashin da mai rai ba zai ɗauka ba, kalsiyam kuma ya faɗi ƙasa warwas, mun san abin da ya faru: ko an juya jeri, ko wani ya buɗe murfi ya tsiyaya daga wannan kwalba zuwa waccan don ya cike gurbi. Shuɗiyar kuwa dole ta cika zuwa layi, don lissafinta kashi 9 na jini ne da kashi 1 na sitiret. Idan ba ta cika ba, lokacin daskarewa zai yi tsawon ƙarya, a rage wa mutum maganin hana daskarewa da yake buƙata.

Mun buga jerin a ƙaramin kati mai launuka, an maƙala a kowane tire.

2 ga Afrilu

Horon ɗalibai da sababbin ma'aikata a kan hannun roba. Jijiyar tsakiyar lanƙwasar hannu ita ce zaɓin farko, tana da kauri kuma ba ta gudu. Sai ta ɓangaren babban yatsa. Ta ɓangaren ƙaramin yatsa a bar ta ƙarshe, don jijiya mai bugawa da jijiyar da ke kai saƙon ji ga yatsu suna kwance kusa da ita. Idan majinyaci ya ce ya ji kamar lantarki ya bi hannunsa, a zare allura nan take, ba a lallashinsa ya daure. Allura mai lamba 21 ga manya, 23 ga ƙananan jijiyoyi, kwanciyarta kada ta wuce digiri 30. Ba a ɗiba a saman inda ake ƙarin ruwa, ko a hannun da aka yi wa mai wankin ƙoda hanya, ko a ɓangaren da aka cire nono. Sau biyu aka yarda mutum ya gwada, daga nan ya kira wani. Bayan zare allura a danna auduga hannu a miƙe, lanƙwasa shi ke tara jini a ƙarƙashin fata.

16 ga Afrilu

Ƙa'idarmu ta dogara da mutum mai magana. Yau muka zauna a kan waɗanda ba sa iyawa.

Wanda aka kawo sashen gaggawa a sume, babu ɗan'uwa babu takarda, a da "ba a san shi ba" ake rubutawa. Ranar da mota ta kife aka kawo mutum huɗu, kwalabe huɗu ke nan masu rubutu iri ɗaya. Yanzu an tanadi ambulan-ambulan na takarda a ƙofar sashen, kowanne da munduwa da fom da sitika masu lamba ɗaya da ba ta maimaituwa. Lambar nan ita ce sunansa har ya farfaɗo, kuma ko danginsa sun zo sun faɗi sunan, ba a cire munduwar sai ma'ajiyar jini ta haɗa tsohuwar lamba da sabuwa a rajista.

Jarirai sun fi wuya. Ba su da suna tukuna, kamanninsu ɗaya, munduwa tana zamewa daga ƙafa. Tagwaye kuma sunan uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambobin kati a jere, bambancin lamba ɗaya tak a ƙarshe. Mun roƙi ofishin kati kada ya ƙara ba tagwaye lambobi masu bin juna, kuma a ɗakin jarirai mutum biyu za su karanta munduwa da murya kafin a soka. Ga yaro ko wanda hankalinsa ya gushe, mai jinya ne zai faɗi suna, a rubuta a fom cewa shi ya faɗa.

Idan masu suna ɗaya suka haɗu a ɗaki ɗaya, za a manna jar alama a fayil ɗinsu, a raba gadajensu, kuma in da hali ba nas ɗaya za ta riƙe su ba.

30 ga Afrilu

Allura ta soki wata ɗaliba a yatsa tana ƙoƙarin mayar da murfi da hannu biyu, don akwatin zubar da allura yana can ƙarshen ɗaki. Ta faɗa nan take, abin da ya faranta min rai. An wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ba matsewa ba tsotsa, aka gwada ta aka gwada majinyacin da izininsa. Ga wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa da ciwon hanta nau'in B daga irin wannan suka yana iya kai kashi 30 cikin 100, nau'in C kusan 2 cikin 100, HIV kusan 3 cikin 1000. Maganin kariya daga HIV ana fara shi da wuri, kada a wuce awa 72, a sha kwana 28.

A nan ma shaida ta yi aiki. Da ba a san tabbas jinin wa ke jikin allurar ba, da ba a san wanda za a gwada ba. Mun sa ƙaramin akwatin allura a kowane tire, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, mun kuma miƙa wa hukuma buƙatar a yi wa duk ɗalibi rigakafin ciwon hanta kafin ya taɓa allura.

14 ga Mayu

Ɗakin gwaji ya fara mayar da duk kwalbar da ba ta da suna, ko wadda sunanta ya saɓa da fom, kuma ba a yarda wani ya zo ya gyara rubutu a kan kanta ba. Wani likita ya sauko a fusace, ya ce shi ya ɗebi jinin da hannunsa, yaron jijiyarsa wahala gare ta, a ba shi biro. Na ce, "Likita, na yarda kai ka ɗiba. Amma ka duba tiren nan ka nuna min taka." Akwai kwalabe marasa suna fiye da ɗaya a ciki, daga ɗakuna daban daban. Na bi shi ɗakin yara da mafi gwanintar masu ɗibarmu, aka sake. Rangwame ɗaya muka bari, ga abin da ba ya sake ɗibuwa cikin sauƙi, kamar ruwan ƙashin baya ko tsokar da aka yanko a tiyata: wanda ya ɗiba ya zo da kansa ya shaida a rubuce, a kuma rubuta hakan a jikin sakamako. Jinin ma'ajiya ba shi da rangwame ko kaɗan.

A ɓangarenmu mun fara gwada sabon sakamako da na baya kafin mu saki. Abin da ya fi tona asiri shi ne matsakaicin girman jajayen ƙwayoyi. Ƙwayar tana rayuwa kusan kwana 120, don haka girman ba ya tsalle tsakanin jiya da yau sai in an ƙara wa mutum jini. Idan ya yi tsalle, mu kira ɗaki kafin mu buga hatimi. Wannan ba ya taimakon wanda yau ne gwajinsa na farko.

28 ga Mayu

Kwalabe marasa suna sun ragu sosai a ɗakunan kwanciya, jinin da ya fashe ma haka, sai sashen gaggawa, inda har yanzu ake ja da sirinji ta kanula, wato robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiya. Rahoton da ma'aikata ke kawowa da kansu ya ƙaru, kuma na ɗauki hakan alamar sun yarda ba za a ci mutuncinsu ba. Sashen masu zuwa su koma ne bai motsa ba. Layi yana da tsawo, ana kiran suna ta taga, kuma jinin sukari yana daɗewa a tebur kafin a kawo, alhali idan ba a raba shi da ƙwayoyi ba sukarin yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa.

Hukuma ta tambaye mu ko na'urar karanta lambar munduwa mai buga sitika a bakin gado za ta magance komai. Mun ce muna so, za ta kawar da rubutun da ba ya karantuwa da lambar da aka juya. Amma idan aka buga sitika a tebur aka zuba a aljihu, ko aka ɗaura wa mutum munduwar wani tun a ƙofa, na'urar za ta tabbatar da kuskuren ne kawai. Mun nemi a fara gwada ta a ɗaki ɗaya.

Wani abu ya ɓullo da ba mu sa a lissafi ba. Muna gwada sakamako da na baya sai muka ci karo da majinyata masu lambar asibiti biyu, don sun ɓatar da kati an buɗe musu sabo, da kuma 'yan gida ɗaya da ke karɓa-karɓa da kati guda. A irin wannan, shaida biyun za su dace da fom, tarihin da ke fayil kuwa na mutum biyu ne a cakuɗe, har da rukunin jini. Ranar 4 ga Yuni za mu zauna da ofishin kati a kan yadda za a haɗe lambobin da suka rabu da yadda za a raba waɗanda suka cakuɗe, bayan nan mu shiga kan kwalaben neman ƙwayar cuta, waɗanda ake kawo mana da jini ƙasa da mililita 8 zuwa 10 da kowace kwalbar manya ke buƙata.